Metroid Prime a Tafin Hannu: Yadda Ake Buga Shi a Kan Switch

Wasan harbi irin wanda kake kallon duniya ta idon jarumin, bakin bindiga na gabanka a ƙasan allo, asalinsa na kwamfuta ne da babban talabijin. Da aka dawo da shi ƙaramar na'urar da ake riƙewa a hannu sai abubuwa uku suka canza. Allo ya ƙanƙance, analog ya gajarce, zaman wasan kuma ya tashi daga awa uku a ɗaki ya koma minti ashirin a mota ko a layin jira. Duk wanda bai yi lissafin waɗannan ba zai ɗauka wasan ne ke da wuya, alhali shirinsa ne bai dace da na'urar ba.

Na zaɓi Metroid Prime Remastered ne don a ganina babu wasan harbi na almarar kimiyya da ya zauna daidai a hannu kamarsa. Kamfanin Retro Studios da ke Austin a jihar Texas ta Amurka ne ya yi wa Nintendo shi, ya fito a kan GameCube a 2002, sannan aka sabunta zanensa aka sake shi a kan Switch a watan Fabrairun 2023. Jarumar ita ce Samus Aran, mafarauciya mai sulken ƙarfe wadda hannunta na dama bindiga ne. Ta bi sawun 'yan fashin sararin samaniya har duniyar Tallon IV, inda wata guba mai suna Phazon ta lalata ƙasa da halittu bayan faɗowar wani dutse daga sama, ta kuma kawo ƙarshen al'ummar Chozo da ke zaune a wurin. Wasan na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa ko a hannu kake riƙe da shi, kuma wannan santsin ya fi kaifin zane muhimmanci ga mai harbi.

Kafin ka kunna

Kowace Switch tana ɗaukar wasan. Ta farko, wadda ta fito a Maris 2017, allonta inci 6.2 ne, Switch Lite ta 2019 inci 5.5, mai allon OLED ta 2021 kuma inci 7. Idan kana da zaɓi, ɗauki OLED, domin rabin wasan nan a cikin kogo da ɗakuna masu duhu yake, kuma ita ce ke fitar da baƙi sosai har ka bambance bango da inuwa. Lite ma tana yi, sai dai rubutun da za ka riƙa karantawa zai matse maka ido.

Girman wasan bai kai gigabait 7 ba. Duk da haka, wanda data ke masa tsada ya nemi katin wasan, tunda Switch ba ta ware katin wata ƙasa da na wata, kuma wasan ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Saboda haka ma ka sa na'urar a yanayin jirgin sama, ka rage hasken allo daidai da inda kake zaune. Idan ka danne maɓallin HOME na ɗan lokaci duka biyun za su fito maka. Nintendo ta ce batirin Switch ta farko na kai awa 2.5 zuwa 6.5, na Lite 3 zuwa 7, na wadda aka gyara a 2019 da na OLED kuma 4.5 zuwa 9. Wasa mai nauyin zane irin wannan ya fi kusa da ƙaramin adadin, don haka fawa bank mai USB-C abokin tafiya ne. Akwai kuma batun zafi. An ƙera na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, a Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa watan Afrilu na haura 40. Kada ka buga a rana, kada ka ɗora ta a kan katifa tana caji, kuma ka kula yatsunka ba su toshe ramukan iskar da ke sama da bayanta ba. Lokacin hunturu ka riƙa mayar da ita jakarta, don ƙura ce ke shiga ƙarƙashin analog har ka ga Samus na tafiya ba ka taɓa komai ba.

Sai iyafis. Wannan ba ƙawa ba ce. Duk wani ƙarin roka ko tankin lafiya da aka ɓoye a ɗaki yana fitar da wani ƙaramin gurnani, wanda ƙananan lasifikan na'urar ke haɗiyewa da zarar akwai hayaniya a kusa da kai. Da iyafis za ka shiga ɗaki ka ji shi, ka san akwai abin nema tun kafin ka gan shi.

Saita maɓallai

Nan ne ya kamata ka ɓata minti goma na farko, kuma ba asara ba ce. Wasan ya zo da tsarin riƙo huɗu: Dual Stick, Pointer, Classic da Hybrid. Classic shi ne na GameCube, inda analog ɗaya ke tafiya yana kuma juyawa. Pointer kwaikwayon na Wii ne, ya fi dacewa da wanda ya cire Joy-Con yana nuna talabijin da su. Ga mai riƙe da na'urar a hannu, Dual Stick ne zaɓi: analog na hagu na tafiya, na dama na juya kai, ZR na harbi, ZL na kama maƙiyi, R na sakin roka, Y na dunƙule Samus ta zama ƙwallo.

Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Tsalle yana kan B, yana kuma kan L. Sabon ɗan wasa hannunsa na zuwa B kai tsaye, amma duk lokacin da babban yatsanka ya je B ya bar analog na dama, wato a daidai lokacin da kake sama ba ka iya duba inda za ka sauka. Koya wa manuniyar hagu tsalle da L tun daga ɗakin farko. Zai yi maka banbaraƙwai na ɗan lokaci, daga baya idan ka iso dogayen ɗakunan da ake hawa dutse bayan dutse za ka ga amfaninsa.

Analog ɗin Joy-Con gajere ne, tazarar da ke tsakanin tsakiyarsa da bakinsa kaɗan ce, shi ya sa ɗan turi kaɗan ke wuce da saiti gaba da inda kake so. Rage saurin juyawa ƙasa da yadda ka saba a babban fad. Sannan ka kunna saiti da motsin na'ura, wanda ke sa idan ka karkata Switch ɗin bindigar ta bi. Rabon aikin shi ne: analog ya kai ka kusa, wuyan hannu ya ƙarasa gyaran. Ka tuna allon ma yana motsi tare da hannunka, don haka karkatawar ta zama 'yar kaɗan, gwiwar hannu a jingine da cinya ko tebur. A cikin mota mai tsalle-tsalle kuwa kashe shi gaba ɗaya.

Idan irin wannan wasa na sa ka jiri, shiga saitin allo ka rage duhun hular da ke zagaye da fuskar Samus, ka kashe lilon da alamomin gilashinta ke yi idan ta juya, ka nisanta na'urar da fuskarka, kuma kada ka buga a ɗaki mai duhu ɗum. Da ka fara jin tashin zuciya ka ajiye. Jurewa ba ta maganinsa.

Kama maƙiyi, ka zagaya shi

Abin da ya sa wasan ya dace da ƙaramin allo shi ne ZL. Idan ka danne shi, saiti na manne wa maƙiyin da ke gabanka, duk inda ya yi kanka na biye da shi, analog na hagu kuma ya koma zagaya shi. Kana cikin haka idan ka tura gefe ka taɓa tsalle, Samus za ta yi wuf ta kauce. Faɗan wasan gaba ɗaya a kan wannan aka gina shi: kama, zagaya, kauce, harba. Wanda ya zo daga Call of Duty yana so ya saita kowane harbi da hannunsa yana wahalar da kansa ne a banza. Harsashin bindigar ba ya ƙarewa, ba a kuma yi mata ɗuri. Roka kuwa tana da adadi, ana farawa da 5, ana iya tarawa har 250.

Bayan ka sami cajin harbi, wato danne ZR har haske ya taru a bakin bindiga, ka saba da tafiya da shi a tare. Duk ƙofar da ka buɗe, harbinka na farko mai nauyi ne. Cajin yana kuma janyo lafiya da rokar da maƙiya suka zubar su taho wurinka, ba sai ka taka wuta ko guba ka ɗauko ba.

Wasan yana buɗewa ne a wani jirgin 'yan fashi mai suna Orpheon, Samus da kayan yaƙinta masu yawa. Bayan ka kashe bos ɗin jirgin, Parasite Queen, za a ba ka minti 7 ka tsere, kuma a hanyar fita wata fashewa za ta lalata kusan dukan kayan. Kada ranka ya ɓaci, haka aka tsara. An ɗanɗana maka abin da za ka shafe sauran wasan kana tarawa ne.

Gilashin bincike

Hular Samus na da gilashi huɗu, biyu tun farko, biyu sai an nemo. Na yaƙi shi ne na kullum. Na bincike kuwa, idan ka saka shi, alamomi za su bayyana a kan abubuwa: ruwan lemo ga bayani na gama-gari, ja ga abin da ci gabanka ya dogara da shi. Ka danne ZL a kan alama har ma'aunin ya cika, bayani ya fito. Da shi ake kunna lif, da shi ake kashe wasu bindigogin tsaro, da shi ake karanta rubuce-rubucen Chozo a bango da rahotannin 'yan fashi a kwamfutocinsu. Kusan dukan labarin wasan a nan yake, domin babu mai tsayar da kai ya ba ka labari.

Ka mayar da shi ɗabi'a: sabon ɗaki, gilashin bincike, sabon maƙiyi, gilashin bincike kafin harbin farko. Bayanin yakan faɗi lagon halittar ƙarara. Manyan bos sau ɗaya ake haɗuwa da su, in ka kashe ba ka bincika ba shafinsu a kundinka ya tafi ke nan. Haka bango da duwatsu: idan bayanin ya ce Sandstone, bom ɗin ƙwallo ke fasa shi, Cordite sai babbar roka, wadda ke cin roka 5 a harbi guda, Bendezium sai babban bom. Rubutun da Turanci yake da wasu harsuna, kuma a allon hannu ƙanana ne, amma wasan na tsayawa cak yayin da kake karantawa, don haka babu gaggawa.

Flaahgra, babban tsiron da ya sa wa ruwan kangon Chozo guba, shi ne ya fi nuna yadda ake haɗa waɗannan duka. Harbinsa kai tsaye ba ya kashe shi, sumar da shi kawai yake na ɗan lokaci. Ƙarfinsa daga hasken rana yake zuwa, ta wasu faifan madubi da ke kewaye da ɗakin. Za ka zagaya ka harbi bayan madubin ya kife, tsiron ya zube, jijiyoyinsa su janye daga wata 'yar hanya a ƙasa. Nan take ka zama ƙwallo, ka gangara ciki, ka dasa bom a ramin da ke ƙarshe. Zagaye na farko madubi ɗaya ne, na biyu biyu, har huɗu, kuma idan ka yi jinkiri zai miƙa hannu ya tayar da wanda ka kifar. Dabarar ita ce ka sumar da shi tukuna, sannan ka ruga wurin madubi na gaba. Ladan faɗan shi ne sulken Varia, wanda ke buɗe maka kogunan wuta na Magmoor.

Ajiya, da sanin inda aka tsaya

A nan ne mai bugawa a hannu ya fi cutuwa. Wasan ba ya ajiye kansa. Sai ka shiga ɗakin ajiya, ko ka koma jirgin Samus, sannan abin da ka yi ya tabbata. Idan aka kashe ka, duk abin da ka tara tun ajiyar ƙarshe ya zube. Ɗakin ajiya na cika maka lafiya. Jirgin kuwa na cika lafiya da roka duka.

Gaskiya ne idan ka taɓa maɓallin wuta na sama na'urar za ta yi barci wasan ya tsaya daidai inda yake, ka dawo bayan sallah ko bayan aiki ka ci gaba. Amma wannan riƙo ne na wucin gadi. Batir ya mutu a jaka, ko ƙaninka ya ɗauka ya buɗe wani gem, shi ke nan. Don haka ka auna zamanka da ɗakunan ajiya maimakon agogo. Kafin ka tashi daga ɗaya, buɗe taswira ka ga inda na gaba yake, ka duba batir, ka tambayi kanka ko lokacin da kake da shi zai kai ka. Duk sanda ka sami sabon makami, ko da komawa baya ne ɗaki uku, je ka ajiye.

Wuri ɗaya na ke so ka riƙe sunansa: Phazon Mines. Akwai ɗakin ajiya kusa da farkon shigarka, a gefen babban filin haƙar. Daga nan har ka gangara zuwa Central Dynamo inda babban bom yake, babu wani, kuma tsakaninsu ne aka jera sojojin 'yan fashi masu launi, da wani ƙaton da ake kira Elite Pirate, da wani jirgi marar matuƙi da ba a gani wanda ZL ba ya kamawa. Kada ka fara wannan tafiya a layin banki. Ka bari sai kana zaune a gida, caji a cike, tankunan lafiya da yawa a jikinka. Akwai 14 a wasan, kowanne na ƙara maki 100, kuma wanda ya bi gurnanin da na ambata a yankunan Chozo da Magmoor da Phendrana zai iso nan da rabinsu ko fiye. Launin sojan shi ke gaya maka makamin da ke cin sa: rawaya harbin asali, shunayya harbin Wave, fari na Ice, ja na Plasma. Sauya makami a Dual Stick sai ka danne X sannan ka taɓa maɓallan kibiya, abin da ke da wuya ana tsakiyar ruwan wuta. Idan ka ga ya fi maka, akwai saitin da ke musanya wurin makamai da na gilasai, makaman su koma taɓawa ɗaya.

Matsala ta biyu ta mai gajeren zama ita ce mantuwa. Tallon IV a haɗe take kamar lungunan cikin birni, kowace hanya na ɓullewa wata, kuma tun awa ta farko za ka riƙa wuce ƙofofin da ba ka da abin buɗe su. Shuɗiya kowane harbi na buɗe ta, shunayya sai Wave, fara sai Ice, ja sai Plasma. Taswirar na nuna launin ƙofa, amma ba ta ba ka damar sa alamarka a kan layin maganaɗisun da ka gani a bango ko tsagar da ka kasa shiga. Bayan kwana huɗu ba ka taɓa wasan ba, ba za ka tuna ba. Maganin yana hannunka na hagu: maɓallin ɗaukar hoto. Ka ga abin da ya fi ƙarfinka yanzu, ɗauki hotonsa, buɗe taswira ka ɗauki sunan ɗakin. Ranar da ka sami Spider Ball, wadda ke hawa layin maganaɗisu, daga hannun bos Thardus, sai ka buɗe hotunan ka ga duk inda layukan nan suke jiranka. Ka kuma bar tsarin nuni a kunne. Idan ka daɗe kana yawo zai sa alamar tambaya a taswira a inda ya kamata ka nufa. Masu son gano komai da kansu na kashe shi, kuma a talabijin ina tare da su, amma a hannu yana ceton zama guda daga zama yawon banza.

Duhu

A Phendrana, ƙasar ƙanƙara, akwai cibiyar binciken 'yan fashi inda za ka ɗauki gilashin zafi. Kana ɗauka wuta za ta ɗauke, ka fito ta ɗakunan da ka shigo cikin baƙin duhu, maƙiya na fitowa a matsayin jan haske da rawaya. Wannan gilashin a ƙaramin allo yana gajiyar da ido, hotonsa a dame yake. Yi amfani da shi ka gano maƙiyi, ka kama shi da ZL, in ɗakin na da ɗan haske ka koma gilashin yaƙi. Shi ne kuma ke nuna wayoyin wuta da ke ɓoye a bango kusa da ƙofar da ta mutu, waɗanda harbin Wave ke tayarwa. A nan za ka fara haɗuwa da halittun da wasan ya ci sunansu. Idan Metroid ya manne maka a fuska yana zuƙar lafiya, harbi ba ya aiki: zama ƙwallo ka saki bom. Bayan ka sami Ice, daskarar da shi ka bi da roka ɗaya. Fatalwowin Chozo kuwa harbin asali kaɗai ke taɓa su, kuma gilashin X-Ray ne ke hana su ɓace maka. Irin waɗannan wurare ka ajiye su sai dare ko cikin inuwa, domin a hasken tsakar gida ba abin da za ka gani sai fuskarka a gilashin allo.

Kafin a buɗe maka ramin ƙarshe sai ka tara kayan tarihin Chozo guda 12 da ke warwatse a duniyar. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai sun zo ƙarshe, sai su tarar da doguwar komawa baya a gabansu. Haikalin da ake kai su yana kusa da inda jirgin Samus ya sauka. Da zarar ka sami takalman tsalle biyu ka leƙa can, ka ɗauki na farko da ke wurin, ka bincika ginshiƙan da ke zagaye da filin. Suna ba da alamar inda sauran suke, kuma alamun na shiga kundinka. Daga nan duk yankin da hanya ta sake bi da kai, ka duba kundin kafin ka hau lif, ka ɗauke wanda kayan hannunka suka isa ɗaukowa. Wasu sai da Plasma ko X-Ray, waɗannan dole su jira.

Matakin wuya biyu ne a farko, Casual da Normal, na uku sai ka gama wasan sau ɗaya yake buɗewa. Wanda bai taɓa riƙe analog biyu ba ya fara da Casual ba tare da jin kunya ba, tunda taswira da wuyar gano hanya duk ɗaya ne, ƙarfin maƙiya kawai ke raguwa. Wanda ya saba kuma ya ɗauki Normal, ya tunkari manyan bos Omega Pirate da Meta Ridley da roka a cike, kuma ya jona caja kafin ya shiga.